Yadda za ka kafa ɗan gidan tarihin jiragen yaƙi a makarantarku, da kara da gwangwani

Duk wanda ya tashi a Maradi ya san motar kara. Bayan girbi, in an kwashe hatsi an bar kara a gona, yara kan zauna a inuwa su ɓare ɓawo, su yayyanka totuwa, su sossoke, kafin la'asar sai ka ga tirela ta fito har da tayoyinta. Wata rana wani yaro a ajina ya ajiye mini jirgin kara a kan tebur, mai fikafikai biyu, ɗaya bisa ɗaya, ya ce, "Mushe, akwai jirgi irin wannan da gaske?" Na ce akwai, kuma irinsa ne ya fara sauka a Kano. Ajin ya yi tsit. Tun daga ranar muka fara tara jirage a wani ɗakin ajiya na makaranta, kuma abin da na koya a wannan aiki shi zan shimfiɗa wa duk malamin da ke son yin irinsa.

Maradi ba ta da gidan tarihin jiragen sama. Na Faransa yana Le Bourget, gefen birnin Paris, kuma tun 1919 aka kafa shi. A Najeriya akwai gidan tarihin yaƙi a Umuahia, can kudu maso gabas, inda aka ajiye wasu jiragen yaƙin basasa. Yaranmu nawa ne za su taka ɗaya daga cikinsu? Amma hannun da ya iya motar kara ya iya jirgi, in dai an ba shi ma'auni da labari na gaskiya.

Fara da zaɓen jiragen

Kada ka fara da jirgin da ya fi kyau a hoto. Fara da wanda labarinsa ya taɓa ƙasarmu ko ta maƙwabta, domin shi ne yaro zai koma gida ya tambayi kakansa a kai. Ina ba da shawarar guda huɗu ko biyar, kada a wuce haka a shekarar farko.

Na farko shi ne DH.9A, mai fikafikai biyu, ƙirar Ingila ta ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Guda uku irinsa ne suka taso daga Masar a ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham, suka sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925. Katako ne da yadi da waya, injinsa na ƙarfin doki 400, matuƙi da abokinsa suna zaune a buɗe iska tana dukansu. Yau akwai guda ɗaya a gidan tarihin sojan saman Ingila da ke Landan. Shi ya fi dacewa da kara, tunda shi ma asalinsa firam ne aka lulluɓe.

Na biyu Hurricane, jirgin yaƙin Ingila mai ɗaukar mutum ɗaya, kuma a nan ne nake son ka daɗe da yara. A 1940, da Yaƙin Duniya na Biyu ya sa bi ta Bahar Rum ya zama kasada ga Ingila, sai ta riƙa ɗora jirage cikin akwatuna a jirgin ruwa zuwa Takoradi, a Ghana ta yau. A can ake harhaɗa su, su tashi su bi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort-Lamy wadda ita ce N'Djamena yanzu, su ratsa Sudan zuwa Khartum, sannan su bi kogin Nilu har Masar. Tafiyar ta kusa kilomita 6,000. Ayarin farko ya tashi a Satumba 1940, jirgi mai inji biyu ƙirar Blenheim yana gaba yana nuna hanya, Hurricane shida suna biye da shi, kamar madugu da ayarinsa. Zuwa 1943 jiragen da suka bi wannan hanya sun haura 5,000. Abin da ya sa hanyar ta yiwu shi ne gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi bayan Janar de Gaulle a Agusta 1940, alhali Nijar a lokacin tana hannun gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa mai biyayya ga Jamus. Wato Kano, wadda ƴan kasuwarmu ke zuwa su dawo ba tare da sun ɗauke ta baƙon wuri ba, ta kasance zango a kan wannan hanya, mu kuma iyaka ta raba mu da ita. Yaro in ya ji haka, taswirar da ke bangon aji takan fara yi masa magana.

Sai namu na gida. Rundunar saman Nijar, da aka kafa a 1961, ta fara aiki da C-47, jirgin jigilar sojoji da kaya wanda ake kira Dakota, da wani ƙaramin jirgin Faransa mai suna Broussard. Daga baya ta yi amfani da Noratlas, mai jela biyu da ƙofar kaya a baya. Ɗauki C-47 da Broussard tukuna. Noratlas yana da wuyar haɗawa, a bar shi sai hannu ya faɗa.

In yaranka manya ne, ƴan kwaleji, ƙara musu MiG-17, ƙirar Tarayyar Sobiyet, wanda gwamnatin Najeriya ta yi amfani da shi a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Zan dawo kansa in mun zo maganar rubutun bayani.

Ma'auni ɗaya ga kowa

Wannan shi ne kuskuren da ya fi cin rai, kuma mun yi shi. A karon farko kowace ƙungiya ta yi jirginta gwargwadon karan da ta samu, sai Hurricane ya fito ya fi Dakota girma. Wata yarinya ta tsaya ta ce ai ƙaramin ne ke ɗaukar sojoji, babban kuma mutum ɗaya. Dole muka rushe muka sake, domin abin da muka jera yana koya wa yara ƙarya.

Masu sayar da jiragen roba na haɗawa sun fi amfani da ma'aunin 1/72 ko 1/48, amma waɗannan sun yi ƙanana ga kara, lissafinsu kuma yana wahalar da yaro. Ɗauki 1/20. Ma'anarsa kowace mita ɗaya ta jirgin gaske ta zama santimita 5. Rubuta wannan a allo, ka bar yara su yi lissafin da kansu.

Hurricane faɗin fikafikansa mita 12.2 ne, tsawonsa kusan mita 9.8, don haka naka zai zama santimita 61 a faɗi, 49 a tsawo. DH.9A mita 14 ne da mita 9.2, wato santimita 70 da 46. Broussard mita 13.75 da mita 8.65, wato kusan 69 da 43. C-47 kuwa mita 29.1 ne da mita 19.4, sai ya ba ka santimita 146 da 97, ya fi buɗin hannuwan yaro ƙarami. Sannan a sassaƙa ɗan mutum mai tsayin santimita 8 da rabi a tsayar kusa da kowane jirgi. Kada ka raina wannan ɗan mutum. Shi ne ke sa baƙo ya gane girman abin ba tare da an yi masa bayani ba.

Zane kafin yanka

Nemi hoton kowane jirgi ta fuska uku: ta sama, ta gefe, ta gaba. Irin wannan zane yana nan birjik a intanet, in ka rubuta sunan jirgin. Buga shi a takarda, ka ja masa layuka gida-gida, sannan ka faɗaɗa shi a kan takardar buhun siminti gida bayan gida har ya kai ma'aunin da kuka lissafa. A kan wannan takarda za a riƙa ɗora kowane kara kafin a yanke shi.

Ka sa yara su duba zanen gaba da kyau. Fikafikan C-47 ba a shimfiɗe suke ba, suna ɗagawa sama kaɗan daga tsakiya zuwa baki. In aka manta da wannan, jirgin zai fito kamar tebur.

Kayan aiki da haɗawa

Karan dawa ya fi na gero kauri da ƙarfi, shi ne na gangar jiki da ƙashin fiffike. Sillen kara na sama, siriri, shi ne na haƙarƙari da sandunan da ke tsakanin fikafikan DH.9A. Ɓawon kara shi ne ƙusa. A tara kara bayan girbi, a bar shi ya bushe ƙayau a bisa rumfa, kada ya taɓa ƙasa, kuma duk wanda ka ga ƙaramin rami a jikinsa ka jefar, ƙwaro ya riga ka shiga. Sauran kaya su ne kwali, waya mai laushi, zare, tsohon yadi fari marar kauri, gam na kafinta, reza, almakashi, filaya, samfefa da gwangwanaye. Jikka kaɗan sun isa, yawanci ma fenti ne zai ci kuɗin.

Fara da gangar jiki. Yanke da'irori na kwali bisa kaurin jirgin a wurare biyar ko shida, daga hanci zuwa wutsiya, ka huda tsakiyarsu ka zura kara ɗaya miƙaƙƙe. Sai a jera sille a kewaye daga gaba zuwa baya, a ɗaure da zare, a shafa gam. Fiffike kuwa kara ɗaya ne dogo ya ratsa jikin jirgin daga wannan baki zuwa wancan, kada a yi shi biyu a liƙa a gefe, zai saki. A kan wannan kara ake jera haƙarƙarin kwali, kowanne mai kumburi a sama, gabansa da kauri, bayansa siriri. Tsaya a nan ka yi wa yara bayani: wannan siffa da ɗan karkatar fiffiken su ne ke tura iska ƙasa, jirgi kuma ya ɗagu. In ka ba yaro haƙarƙari ɗaya ya riƙe ya jujjuya, ya fi ka zana masa sau goma a allo.

Aikin gwangwani, wato hanci da injuna da farfela, kada ka bar wa yara, bakinsa yana yanka. Ni na kai zanen wajen wani dattijo mai ƙera mazurari da fitilu a kasuwa. Ya daɗe yana duban takardar, sannan ya ce, "Malam, wannan hancin zagaye ne ko mai tsini?" Na ce, "Baba, na Dakota da Broussard zagaye ne, na Hurricane mai tsini." Ya ce, "To ba inji ɗaya gare su ba ke nan." Kuma gaskiyarsa. C-47 injinsa biyu ne, kowanne silinda 14 jere a da'ira, iska ke sanyaya su, shi ya sa gabansu yake buɗe kamar bakin tukunya. Hurricane injin Merlin gare shi, silinda 12 a layi biyu, ruwa ke sanyaya shi, shi ya sa hancinsa ya tsuke. Ƙaramin gwangwanin tumatir ya yi kusa da girman injin C-47 a ma'auninmu. Dattijon ya nannaɗe bakin kowane yanka, ya liƙe da dalma, ya murɗa fikafikan farfela ɗaya bayan ɗaya da filaya, uku-uku ga Dakota da Hurricane, biyu ga DH.9A da Broussard. Ya ƙi karɓar kuɗin na ƙarshe, ya ce a bar jikansa ya zo ya gani in an gama.

Akwai wani ɗan abu da bai kamata a manta ba a jikin Hurricane. Waɗanda aka aika Afirka an ƙara musu wata matatar ƙura a ƙarƙashin hanci, kamar maƙoƙo, don yashi yana cinye inji. Yaron Maradi da ya san abin da hazo ke yi wa babur ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan.

Lulluɓi da fenti

DH.9A da bayan jikin Hurricane yadi ne a jirgin gaske. Ana shafa masa wani ruwa da ke ɗaure shi ya yi tsauri kamar fatar ganga. Kai ma yi haka da gam da aka sirka da ruwa: shimfiɗa yadin, ja shi, shafa sau biyu ko uku, kana barin kowane shafi ya bushe a inuwa. Kada ka yi amfani da kokon rogo ko sitaci, kira ne ga kyankyasai. Dakota da Broussard ƙarfe ne, sai a lulluɓe su da takarda mai kauri a goge da samfefa har su yi sumul.

Hurricane na hamada launin ƙasa da na yashi ne a sama, shuɗi mai haske a ciki. Tambarin zagaye kuwa a kula: na Ingila ja ne a tsakiya, fari, sannan shuɗi a waje, na Faransa shuɗi ne a tsakiya, ja a waje. Launuka ɗaya ne, jerin ne ya bambanta, kuma yara suna son gano wannan da kansu. Na Nijar launukan tutarmu ne.

Rubutun bayani

Jirgi ba rubutu abin wasa ne kawai. Kowanne a yi masa kati ɗaya: sunansa, ƙasar da ta ƙera shi, shekarar da ya fara tashi, injinsa, da abin da ya yi. Hurricane ya fara tashi a 1935, an ƙera fiye da 14,000. C-47 an ƙera fiye da 10,000. Broussard ya fara tashi a 1952. Layi biyar ko shida sun isa, da manyan baƙaƙe, Hausa a sama, Faransanci a ƙasa. In akwai mai kyan hannu a ajami, a ƙara, domin dattawan da za su zo da yawa da shi suke karatu.

Abin da nake roƙon kowane malami shi ne kada katin ya tsaya ga gudu da ƙarfin doki. Waɗannan jirage an yi su ne don yaƙi. A Amurka, lokacin da gidan tarihin Smithsonian ya shirya nuna Enola Gay, jirgin da ya jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945, an yi doguwar jayayya a kan abin da za a rubuta a gefensa, har aka soke tsarin farko a 1995. Manya ma abin yana yi musu nauyi. Mu a katin MiG-17 mun rubuta cewa an yi amfani da shi a yaƙin da ƴan ƙasa ɗaya suka yi da juna, kuma mutane masu ɗimbin yawa, har da yara, sun mutu da harsashi da yunwa. Mun ambaci ƙananan jiragen MFI-9 da Carl Gustaf von Rosen, ɗan ƙasar Suwidin, ya jagoranta ya kai hari da su a madadin Biyafara, ɓangaren da ya ɓalle daga Najeriya, a 1969. Irin waɗannan biyun, MiG-17 da MFI-9, duka suna Umuahia yau, a fili ɗaya. Yaran da ke jin labarin jirage marasa matuƙi a rediyo kullum sun isa a gaya musu gaskiya.

Ɗaki da hidimar yau da kullum

A nan ne tarin kaya yake zama gidan tarihi. A manyan gidajen, kafin a buɗe ƙofa ma'aikata sun riga sun zagaya. Ana duba farantan da aka ajiye ƙarƙashin injuna don tarar mai, tunda tsofaffin injuna masu da'ira ba sa daina ɗiga. Ana tallafe jirage da ƙafafun ƙarfe don kada nauyi ya lotsa tayoyi. Ana korar tsuntsayen da ke sheƙa a cikin fiffike, ana share ƙura da buroshi mai laushi, ana rubuta duk wani tsatsa ko tsagewa da aka gani. Wasu tsofaffin agogunan gaban matuƙi an shafa musu fenti mai sinadarin radiyam don su yi haske da dare, shi ya sa ba a barin kowa ya buɗe su. Amurka tana ajiye dubban tsofaffin jiragenta a hamadar Arizona, kusa da Tucson, saboda bushewar wurin tana hana tsatsa, amma sai an rufe gilasai da wani farin lulluɓi don rana.

Namu abokan gāba uku ne: gara, ƙura, rana. Zaɓi ɗakin da ba ya yoyo, mai daɓen siminti. Tebur mai ƙafar ƙarfe ya fi. In na katako ne, sa kowace ƙafa cikin gwangwani mai ɗan baƙin mai, kuma kada tebur ya jingina da bango. Mun yi asarar Broussard ɗinmu na farko a hutun damina saboda an tura teburinsa jikin bango; da muka dawo fenti ne kawai a tsaye, cikinsa duk ƙasa. Manyan jirage a rataye su da zaren kamun kifi a wurare uku. Kafin ka ɗaura, ɗora jirgin a kan yatsu biyu ƙarƙashin fiffike, wajen kashi ɗaya cikin uku daga gabansa. In wutsiya ta rinjaya, cusa ɗan dutse a hanci. Tagar da rana ke shigowa a sa mata labule.

Buɗe rajista tun ranar farko. Kowane jirgi da lambarsa, ranar da aka gama shi, ajin da ya yi shi, kayan da aka yi amfani da su, da duk gyaran da aka yi masa daga baya. Raba yara bibbiyu, kowane mako da masu aikinsa. Da safe su buɗe, su duba ƙafafun tebur da bango ko akwai hanyar gara, su share ƙura da gashin kaza ko buroshi, daga hanci zuwa wutsiya, ba da tsumma ba don yana kama farfela. Lokacin hunturu kullum ne, sauran lokaci sau biyu a mako ya isa. Su rubuta abin da suka gani ko da "lafiya lau" ne.

Su ne kuma masu yi wa baƙi jagora. Koya musu su fara da taswira, su bi jiragen bisa shekarunsu, daga 1925 zuwa gaba, kuma in an tambaye su abin da ba su sani ba su ce za su bincika, su rubuta tambayar a littafin baƙi. A ajiye fiffike ɗaya da ba a lulluɓe ba a bakin ƙofa, wanda kowa zai iya taɓawa, sai hannuwa su bar sauran. Gargaɗi ɗaya kuma mai muhimmanci: kada sha'awa ta kai wani yaro ɗaukar hoton filin jirgi ko wurin sojoji. Duk ziyarar da za a kai can sai da izinin hukuma a rubuce, ta hannun shugaban makaranta.

Ranar buɗewa ku gayyaci iyaye da dattawan unguwa, ku tanadi littafi da biro. Wani tsoho da ya zo namu ya tsaya gaban taswira ya ba da labarin husufin ranar da aka yi yana saurayi. Ranar 30 ga Yuni 1973 ke nan, kuma a wannan rana jirgin Concorde na farko, wanda ba na yaƙi ba ne, ya bi inuwar wata ta saman Sahara, har da arewacin Nijar, masana a cikinsa suna kallon husufin tsawon minti 74, kafin ya sauka a Cadi. Jirgin yana Le Bourget yanzu. Yara biyu suka zauna a gaban tsohon suka rubuta duk abin da ya faɗa, aka sa takardar a rajista da lambarta.

In babban hutu ya zo, a sauke na rataye, a duba kowanne, a sa shi cikin kwali da busasshen ganyen bedi, a ɗora bisa tebur nesa da bango. Mabuɗi ya zauna wajen wanda ba zai yi tafiya ba, ya riƙa leƙawa duk bayan ruwan sama.